Gangunan da Yaya Mamman Ya Binne a Diffa

Litinin: Damagaram zuwa Diffa

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida, ko shayi ban tsaya sha ba. Jaka tara na biya kuɗin mota. Sana'ata tuƙin motar tonon ƙasa, kuma a kanta ne Ya Fanna, matar wana Mamman, ta kira ni. Masana'antar niƙan tattasai da take aiki, ruwan kogin Komadugu ya cinye ta bara. Alhaji mai injinan ya ce in ba a samu wuri kafin tsinkar tattasai ba, zai kwashe kayansa ya kai Damagaram. Filin da aka ba su kan tudu yake, sai dai tsohon ma'ajin maganin fara ne, ko ciyawa ba ta tsira a cikinsa.

Ƙarfe takwas muka iso Gure, na ci ƙosai na dala ashirin. Daga Maine-Sorowa shingaye suka yawaita: a sauka, a nuna katin shaida, a taka da ƙafa, a koma mota. A Shetimari na hangi buhunan tattasai jibge a bakin hanya. Direba ya ce, "Malam, duk ɗanye zai fita. A niƙa shi wani gari, a dawo mana da shi cikin leda mu saya." Ƙarfe biyar saura kwata muka shiga Diffa, bayan kilomita wajen ɗari huɗu da saba'in.

Na tarar da Yaya kwance kan tabarma, ya rame har na yi shakkar ko shi ne. Shekaru ya yi yana gadin wancan ma'aji kafin a rufe shi. Ya Fanna ta kawo biski da miyar kifi. Loma biyu ya yi, tari ya hana shi.

Talata: a filin

Ƙarfe bakwai na safe muka haɗu da Alhaji da Madam Hannatu, ma'aikaciyar muhalli, ƴar Maraɗi. Warin wurin har maƙogwaro yake kamawa. Ta ce dole a kwashe gurɓatacciyar ƙasar, a kai ta ramin da aka tanada nesa da kogi, a zuba sabuwa, a yi daɓen siminti. Amma ƙasar na nuna akwai abin da ke tsiyaya daga ciki, kuma ba takardar da ta faɗi inda yake.

Alhaji ya ce, "Madam, in sai an tone filin nan kaf, wata nawa ke nan? Tattasai ba ya jira."

Matan masana'antar suna zaune daga nesa, sun rufe hanci da mayafi.

Da la'asar na ba Yaya labari. Ya ce, "Sani, gobe ka sa a kai ni. Ni na binne su."

"Me ka binne, Yaya?"

"Gangunan da suka huje. Aka ce in ɓatar da su kafin manya su zo dubawa. Na haƙa da hannuna, na rufe. Rijiyar maƙwabta taku arba'in ce daga wurin. Da awakinsu suka fara mutuwa na san dalili, na yi shiru, ina tsoron aikina."

Ya Fanna ta ajiye tsintsiyar hannunta ta shige ɗaki. Ita ma ranar ta fara ji.

Laraba

A amalanken jaki muka kai shi. Ya nuna da sanda: bayan tsohon bango, da gindin busasshiyar aduwa. Muka sa safar hannu da abin rufe hanci, na hau motar tonon da aka yi haya. Kafin azahar bakin mota ya daki ƙarfe. Ganguna bakwai, duk tsatsa ta cinye su.

Wani tsoho daga cikin maƙwabtan ya matso kusa da amalanken. Yaya ya ce, "Baba Gana, ka yafe mini." Tsohon ya dube shi ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma da ka faɗa tun lokacin, Mamman." Ya juya ya tafi.

Madam Hannatu ta ce yanzu aikin ba zai wuce mako shida ba, rijiyar kuma za a rufe ta. Alhaji ya yarda ya bar inji biyu cikin uku a Diffa. Rabin matan za su koma aiki, sauran sai abin da Allah ya yi.

Alhamis: komawa

Kwanakin da aka ba ni a wurin aikina sun ƙare, na bar motar hannun direbanta, na yi sallama da asuba. Yaya ya riƙe hannuna ya ce, "Jiya na yi barci."

Muna shingen shiga Gure, ƙarfe biyu da minti goma, waya ta yi ƙara. Ya Fanna ce. Ta ce, "Malam Sani, yayanka ya cika." Na ce zan juyo. Ta ce kafin in iso an rufe shi, in wuce in faɗa wa Inna da bakina, kada ta ji a waya.

Bayan magariba na isa gida. Ina gode wa Allah da ya kai ni na same shi da rai, ina gode wa Madam Hannatu da matan da suka yi ta kawo mana ruwa. Inna tana kan dardumar salla na shiga. Ta dubi fuskata, ta ajiye carbi.