Kawu Sale da Rabon Gayya

Duk wanda ya san Kawu Sale, yayan mahaifiyata, ya san aljihunsa ba ya rabuwa da gyaɗa, kuma ba ta ci ba ce. Da ya zauna sai ya baje ta a tabarma yana haɗa ta uku-uku. Ka miƙa hannu ka sha duka.

Tun da ya bar koyar da lissafi a Bici burinsa ɗaya ne: ya tsara mutane uku-uku da hannunsa, tsarin da babu mai bambanta shi da ƙuri'a. Yakan ce haɗa mutum biyu wasan yara ne, a na uku son kai yake ɓuya.

Wata damina rigima ta tashi a ƙauyenmu kan gayya. Unguwar gabas da ta yamma kowa na zargin ana haɗa shi da raggwaye, ciyawa kuwa tana cinye gero. Mai unguwa ya danƙa wa Kawu rabon. Ya raba mutane uku-uku, kowa ya yarda, har an ɗauki fartanya, sai ga shi da gudu wai a dakata. Ta fuskar biyu-biyu rabon ya yi, amma ya gano 'yan ukun da ke haɗuwa sun cika zama dangin juna. Mai unguwa ya ce, "Malam, ciyawa fa ba ta jiran lissafi." Kawu ya ce ai shi ma ba ciyawa yake jira ba. Ya zauna a bakin gona ya sake.

Sabon rabo ya jefa shi rukuni ɗaya da Tanko mahauci, wanda suka daina gaisawa kan akuyar da ta ci masa wake. Na raɗa masa ya musanya, wa zai sani? Ya harare ni ya ce, "In na cire Tanko, ya zama zaɓina ke nan." Haka suka yi noma fuska a murtuke. Kafin la'asar furarsu ɗaya, suna zagin akuyar tare. An kuma ceci geron.

Ko a ciwon ajalinsa, a asibitin Ɗanbatta, da likita ya ce ya huta, cewa ya yi a bari ya gama da tsarin huɗu-huɗu tukuna. Bai gama ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta hutun da ya ƙi yi a duniya. Amin.