Ramin haƙori da lorin Fashaga

An cire mini haƙorin can ƙurya ana gab da yankan riɗi. Ya fito ne a karkace, ya tokare na kusa da shi, kuncina ya kumbura har matata ta ce in fito da dabinon da na ɓoye mu raba.

Riɗi kuwa ba ya jiran mai ciwo. Idan ya nuna aka yi jinkiri, kwanson ya fashe, ƙwayar ta bi ƙasa. Wakilin gonar da nake wa aiki a Fashaga ya riga ya aiko cewa lori zai kwashe mu ranar Asabar, wanda bai hau ba a ba wani gurbinsa. Tun da yaƙi ya koro mutane nan Gadarif, masu neman gurbin sun yi yawa. Ni kuma aikin kakar nan shi ke ciyar da gidana har damina.

Likitar, wata matashiya da ta baro Khartum, ta sa mini auduga ta ce in cije. Ta ce jinin da zai daskare a ramin shi ne murfinsa, in kiyaye shi: ban da tofar da yawu, ban da kurkure baki da ƙarfi, ban da abu mai zafi. Ta ƙara wasu bayanai, amma hankalina ya tsaya a kan abu mai zafi, don na san jabana, wato gahawarmu, take nufi.

Na bi doka. Kunu sai ya huce nake sha da cokali. In zan yi alwala, ruwan nake sawa a baki in sunkuya ya zubo da kansa. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, kowa ya ce "salamtak", wato sannu da jiki, ya ce in buɗe ya gani, ya ciro maganinsa daga aljihu, wannan kanumfari, wancan bagaruwa. Matata ta karɓe duka ta adana. Amma baƙo ba ya tashi sai an dafa masa gahawa. A gabana ake soya ta, a daka da citta, a zagaya da ƙananan kofuna, ni a tsallake ni.

Taubashina, ɗan gwaggona, yana zaune da mu tun da ya baro shagonsa na gyaran fanka a Madani. Da matata ta shiga ciki, sai ya matso.

"Ya zol, mutumina, ka yi zuru kamar ɗalibin da aka kora daga aji. Me likitar ta ce?"

"Kada zafi ya taɓa ramin."

"To, sai a kewaye ramin. Wannan aikin injiniya ne, tsoho, ba naku ba ne."

Ya samo siririn bututun roba na shan lemo, ya tura mini ta ɓangaren da ke lafiya, ya ce in ja da ƙarfi ta wuce kai tsaye. Na ja. Na sha zagayen farko, na bi da na biyu, har na yi masa addu'a.

Kafin Alhamis ciwo ya dawo, ya fi na haƙorin, yana harbawa har kunne. Muka koma tare. Likitar ta leƙa ta girgiza kai.

"Baba, kana shan taba?"

"Ban taɓa ba, 'yata."

"To, me ka tsotsa?"

Na dubi taubashina, shi kuma ya ɗaga kai yana nazarin fankarta. Ta ce tsotso ne ya zare murfin ya bar ƙashi a buɗe, kuma ta faɗa mini tun ran farko. Ta wanke ramin, ta cusa magani, ta ce in riƙa zuwa ana canzawa. Maganar daji kuwa babu ita sai nama ya rufe.

Ranar Asabar da safe na ga taubashina ya saɓa jakata, laujena a hannunsa.

"Ina zuwa, injiniya?"

"Riƙe maka gurbi."

"Kai da ba ka san riɗi ba sai a cikin alewa?"

"Ka rufe bakinka, iska na shiga."

Da ramin ya cike aka sallame ni, na bi motar da ke kai garin tuwo da mai gonar. Na sami taubashina a ƙarshen layi, tafukan hannunsa naɗe da tsumma, dammunan da ya jingina duk sun karkace. Wakili ya ce bai taɓa ganin mai yanka a hankali haka ba, sai dai ya gyara musu injin ruwa, shi ya sa bai kore shi ba. Gurbina yana nan.

Taubashina ya miƙo mini laujen da hannu biyu, ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafa.

"Tsoho, akwai sauran haƙorin da za a cire maka?"

"Akwai ɗaya a sama."

"Don Allah ka bari sai an gama girbi."