Ranin da Muka Koma Jigo

Lambunmu yana bakin Binuwai, ƙasa da gada kaɗan, inda ake noman albasa idan kogi ya janye. Maigidana ya gaje shi daga mahaifinsa. Ni 'yar masu kanti ce, atamfa ake sayarwa a gidanmu cikin babbar kasuwar Garwa, kuma har na haifi 'ya'ya uku ban taɓa sa ƙafa a lambun nan ba. A buhu na san albasa, sai kuma a miya. Ya rasu bara da damina, Allah ya jiƙansa. Tun da na fita takaba, wani rani guda nake ta tunawa, kuma duk lokacin da na tuna shi sai in sami kaina ina dariya.

A lokacin, maigidana da ƙaramin injin ban ruwa yake aiki. Injin zuwa-zuwa yake sha, wato fetur ɗin da ake shigo da shi daga Najeriya a jarkoki, wani ta kwale-kwale wani a bayan babur, a zuba a kwalabe a jera a bakin titi. Kusan duk garin da shi yake motsi. Ba wanda ya ɗauke shi baƙo, don ya fi na gidan mai araha kuma ko'ina ka juya yana nan.

Sai wata shekara, bayan darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, aka ce can ƙetare ma man ya yi wuya. Kwalaben bakin titi suka fara raguwa, daga baya sai teburan kawai da mazurari a kife. A gidan mai layi ne na motoci, kuma mai jarka ba a ko kallonsa. Wannan ya zo daidai da maigidana ya gama dashen albasa. Dashe ba ya jira. Idan ya rasa ruwa a farkonsa, ganyen ya kwanta, shi ke nan, kuma albasar nan ita ce geronmu na shekara da karatun yara.

Ya zaga gari har ƙafarsa ta gaji, ya dawo da rabin kwalba. Washegari da safe yana shan kunu ya ce zai kafa jigo. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tare muke zaune da ita. Ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Ka iya?"

"Inna, a gindin jigo na girma."

"A gindinsa dai ka yi barci," in ji ta.

Kwana biyu yana haɗa kayan. Ranar da zai gwada, Inna ta ce sai ta gani da idonta. Gwiwoyinta ba sa son gangara, dole wani ya riƙe ta, ni ce kuma a gida. Haka na fara zuwa lambun mijina, da mayafina mai kyau da takalmin zuwa biki.

Ga wanda bai taɓa gani ba, jigo gwafa biyu ne a kafe bakin rijiya, da doguwar sanda a gicciye bisa su. Gaban sandar igiya ce da guga, bayanta dunƙulen laka. Ka ja igiya ƙasa guga ya nutse, ka sassauta hannu nauyin lakar ya ɗago maka ruwan. Nasa ya tsaya da kyau, itacen darbejiya ne, sai dai lakar ta kai girman randa.

Maƙwabcinsa a lambu wani Kirista ne daga duwatsun wajen Mokolo, wanda bai taɓa mallakar inji ba, da bokiti biyu yake shayar da ɗan filinsa. Sun daɗe suna tsokanar juna: Patiron yake ce wa mijina, wato maigida, injin kuma mota yake kiransa. Ya leƙo ta saman shinge.

"Patiron, ina motarka yau? Ban ji ta tana tari ba."

"Azumi take yi."

"To Allah ya karɓa. Wannan fa, raƙumi ka saya?"

Maigidana ya matsa bakin rijiya. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya yi bismillah, ya kama igiya ya ja. Sandar ba ta motsa ba. Ya ƙara ƙarfi, ta ɗan sunkuyo kamar za ta gaishe shi, sai ta miƙe da shi gaba ɗaya. Mutum ne marar jiki. Ƙafafunsa suka bar ƙasa, takalmi ɗaya ya faɗa rijiya, shi kuma yana lilo a bakinta, hularsa ta rufe masa ido.

Na sa mayafi na toshe baki, don ba a yi wa miji dariya a gaban uwarsa. Sai na ga Inna ta zauna a kan kunya tana share hawaye da gefen zane. Maƙwabcin ya tsallako shinge ya kama shi ta ƙugu ya sauke.

"Kai," in ji Inna da ta samu numfashi, "wannan laka ta wa ka auna?"

"Ta Baba. Kamar randa take, ina ganinta a idona."

"Ta ubanka ba ta wuce tulu ba. Kai ne ba ka kai tulu tsawo ba a lokacin."

Shi ma ya yi dariya har ya riƙe ciki. Suka sa fartanya suka yi ta faskare lakar, a gwada a sake ragewa, har gugan ya riƙa sauka da hannu ɗaya ya hau cike. Ruwan farko ya zubo a magudana, muka bi shi da ido. Ya tafi kamar tsawon gaba uku, ƙasa ta shanye shi. Na biyu ya ɗan wuce, shi ma ya ɓace. Fangalin lambun, wato wuraren da aka kewaye da kunya aka dasa albasa a ciki, don inji aka yanka su, dogaye masu faɗi, waɗanda tiyo ke cikawa da gudu. Ruwan guga ba shi da wannan gudun. Can ƙarshe wajen shinge, dashen ya riga ya fara rawaya.

Dariyar ta tsaya. Inna ta ce a zamanin mijinta fangali bai wuce tabarmar salla ba, kuma jigo aikin mutum biyu ne: ɗaya yana ja, ɗaya yana bin ruwa, ya buɗe wannan ya toshe wancan.

"Wa yake bi wa Baba?" ya tambaya.

"Aljanu," in ji ta. "Kana bayana a goye, wa kake zato?"

Sai ta dubi gwiwoyinta, ta dube ni. Maigidana ya sunkuyar da kai.

"Inna, 'yar masu kanti ce fa."

Ban san abin da ya shiga raina ba. Wataƙila maganar tasa ce. Na cire takalmin bikin na ajiye kusa da Inna, na ɗaura mayafin a ƙugu, na ce a nuna mini.

Ranar da washegari muka yi ta raba fangali da fartanya, muna lallaɓawa tsakanin dashe, maƙwabcin yana taya mu idan ya gama nasa. Sannan aikin ya zauna. Da sassafe bayan yara sun tafi makaranta mu gangara. Shi yana kan jigo, ni ina cikin laka. Idan ya juye guga sai ya ce, "Ga shi nan." In ruwan ya zo ƙafata sai in ce, "Ya iso." In buɗe bakin fangali da dunduniya, in ya cika in tura laka da gefen ƙafa in toshe, in matsa gaba. Da farko nakan bar ruwa ya ɓalle ta baya, sai ya ce, "Hajiya, kin ba wa ciyawa kyauta, ko yadi nawa ne?" Ni kuma in ce ya kula da sauran takalminsa.

Labari ya kai gidanmu, don Garwa ba ta ɓoye komai. Na jira faɗa. Mahaifiyata ta aiko da man kaɗanya cikin ɗan kwano, aka ce in riƙa shafa wa ƙafa kafin in kwanta. Saƙon ke nan.

Abin da ban sani ba shi ne inji yana hana magana. Jigo kuwa ƙara ɗaya yake yi, kamar tsohuwar ƙofa, tsakanin ja da ja akwai sarari. A nan na ji yadda dorina ta taɓa korarsa yana yaro har ya hau giginya, na ji cewa tun kafin a kai kuɗin aurena yakan bi ta gaban kantinmu yana tambayar farashin atamfar da ba zai saya ba. Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya, bai taɓa faɗa ba.

Wata rana maƙwabcin ya rataye rediyonsa a shinge, wani babba yana jawabi da Faransanci. Ya fassara mana cewa wai dole ƙasa ta rage shan mai, ta daina dogaro da na waje. Maigidana bai saki igiya ba.

"Ka ce masa ya zo ya karɓe ni, kafaɗata ta gaji."

Amma da muka zauna cin ɗumame ya yi magana ba da wasa ba. Ya ce ƙasa tasa, ruwa nasa, iri nasa, amma mutanen da bai taɓa gani ba su yi rigima a garin da bai taɓa zuwa ba, albasarsa ta kwanta. Ya ce abin ya fi tsadar man ba shi kunya.

Fangalin wajen shinge su ne damuwarmu, don kafin ruwa ya kai can rana ta take, hannunsa ya mutu. Sai muka juya aikin, mu fara da su tun ƙasa na da sanyi. Na tuna safiyar da ruwan ya bi magudana har ƙarshe bai tsaya ba, ya taɓa yatsuna, ya shiga. Na ɗaga murya na ce, "Ya iso," ya ce bai ji ba, in sake faɗa. Ya ji sarai. Layi biyu na can gefe ba su tashi ba, sun riga sun mutu. Sauran suka miƙe, lawashi ya yi kore shar. Albasar shekarar ba ta yi girman ta inji ba, amma ta yi ƙarfi, ta jure ajiya, muka ci shekara da ita, ba yaron da aka koro daga makaranta.

Zuwa-zuwa ya dawo kamar yadda ya saba, ya sake ɓacewa, ya sake dawowa. Maigidana ya gyara injin amma bai tumɓuke jigon ba. Sai zafi ya tsananta yake tayar da inji, kwalba ɗaya ta yi masa abin da uku suke yi a da. In aka tambaye shi, sai ya ce ba ya son rigimar wani gari ta sake shiga lambunsa. Kowace safiya kuwa, in ya gama kunu, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hular da ba ta karkace ba, har in ɗauko mayafin aiki.

Bana babban ɗanmu ya kafa faifan hasken rana a bakin rijiyar, da ɗan famfo marar ƙara. Ba ya shan komai. Ruwansa a hankali yake zuwa, kusan kamar na guga, don haka ƙananan fangalinmu sun dace da shi, ba a sake yanka su ba. Ya so ya cire gwafa biyun nan na jigon, na ce ya bar su.

An yi dashe makon jiya. Na gangara na cire takalmi, na fara da wajen shinge. Da ruwan ya taɓa ƙafata na faɗi abin da na saba faɗa, ban ankara ba. Maƙwabcin, wanda yanzu kansa ya yi fari fat, yana tsaye da bokitinsa a ɗaya gefen. Ya ji ni. Ya ce, "Madam, toshe na bayanki, yana zuba." Na juya na toshe.