Katanga, Zaure da Turken Awaki

Ƙarfe tara da rabi na safe ne, a zauren wani Alhaji mai sayen riɗi da gyaɗa a Waca. Mu uku ne a kan tabarma: shi Alhajin, da kawuna wanda magini ne, da ni. Akwai ta huɗu, Hajiya matar gidan, amma tana bayan ƙyauren da ya raba zaure da tsakar gida, muryarta kawai muke ji. A wannan zama aka ba ni aikina na farko, wato in zana sabon gidan da Alhaji zai gina a bakin gari, in fitar da hotonsa tun ba a aza bulo ko ɗaya ba.

Sai na faɗi yadda na kai ga wannan tabarma, don ba na son labari ya tashi daga tsakiya. Karatuna ya tsaya a aji na uku na kwalej a Magarya. Daga nan na bi kawuna wurin gini, na ɗauki bulo, na kwaɓa siminti, na riƙe masa bakin igiyar awo. Kawu ba ya zana komai a takarda. Da dugaduginsa yake shata ɗaki a kan rairayi, mai gida ya shiga ciki ya juya, ya ce a ƙara taki biyu. Ban raina wannan hanya ba. Abin da ke cin raina shi ne abin da ke biyo baya: bango ya kai taga, mai gida ya zo ya ce ba haka ya zata ba, a rushe. Na rushe bangon da na gina da hannuna sau da yawa, kuma ban taɓa sabawa ba.

Wata rana na ga hoton wani gida a wayar wani direba, da inuwarsa da fentinsa, aka ce mini ba a gina shi ba, a cikin ordinater, wato kwamfuta, aka yi shi. Na kasa zama. Na sayi tsohuwar ordinater, na koyi aikin ta kallon darussa a waya, ina yawo da ita daga shagon caji zuwa shagon caji saboda wutar gari ba ta da alkawari. Na fara da zana shimfiɗar gida daga sama, wanda ake kira pilan. Sannan na koyi tada bangaye. Sannan rufi, sannan haske da inuwa. Da na ga hannuna ya faɗa, na hau mota zuwa Damagaram, biro, wato ofishin wani arshitek da ke tsara manyan gine-gine, na nuna masa abin da na yi.

Ya duba bai yi sauri ba. Gidaje ne masu tafkin wanka da ciyawa kore, irin waɗanda na kwaikwaya daga darussan.

"Wannan aikin wanda ya koya maka ne," ya ce. "A Magarya wa ke da tafki a gida? Ga tebur can babu kowa a kansa. Ka kawo mini gida ɗaya na mutum mai rai, wanda ka auna da hannunka, waje da ciki, in ya yi teburin ya zama naka. Cikin na fi son gani. Katanga kowa yana iya jan ta."

Teburin nan shi na sa a gaba. Shi ya sa na matsa wa kawu har ya gabatar da ni ga Alhaji, abokin mahaifina na ƙuruciya, wanda nake kira Baba.

To, mun dawo zaure. Alhaji ya faɗi nasa a taƙaice: babban zaure, ɗakin baƙi, sito na buhuna, katanga mai tsawon da mai raƙumi ba zai leƙa ba. Ya ce sauran na masu gida ne, ya ɗaga murya.

"Hajiya, ga ɗanki mai zane. Faɗi abin da kike so, amma ki tuna fili ne, ba gari ba."

"Da gari ne ma ai sitonka zai cinye rabi," ta amsa daga bayan ƙyaure. "Ɗana, kana ji na?"

"Ina ji, Inna."

"Madafi ka kai shi yamma, hayaƙi ya fita bai bi ta ɗakina ba. Shekaru ina barci cikin warin tuya."

"Tuyar wa?" in ji Alhaji. "Ni na ce ki riƙa ƙuli-ƙuli?"

"Kai ne mai cinye na farko kullum."

Haka muka yi ta yi. Ta ce tana son dakali a ƙofar ɗakinta inda za ta zauna ta ga madafi da turken awaki gaba ɗaya. Ta ce taga kada ta kalli gado. Ta faɗi bangon da jeren kwanoninta zai jingina, da inda akwatin tufafinta zai zauna, da launin labulen da take so. Ina tambaya ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa. Tun da na girma ban wuce zauren gidan ba, ga shi a safiya ɗaya na san inda take aje kanta in za ta kwanta.

Aikin ya ci damina. Ina zuwa filin a babur in auna, in koma Magarya in zana, in ga wani abu bai zauna ba, in sake komawa. Na tsaya a filin da hantsi, na tsaya da la'asar, don in ga inda inuwar gawon da ke gefe take faɗawa. Ordinater tsohuwa ce, hoto ɗaya sai ta yi yini tana huci kafin ta gama shi, wani lokaci wuta ta ɗauke saura kaɗan, a sake daga farko. Ba na iya zama in jira ta. In fita, in zaga, in dawo, in tarar layin da ke nuna ci gaban aikin bai matsa ba. Mahaifiyata ta ce in ba zan zauna ba in ɗauki fartanya in tafi gona, ko ƙafafun su yi amfani.

Na fara da waje, don shi ne mai sauƙi. Na bi da tsakar gida. Ɗakin Hajiya na bari ƙarshe, kuma a nan na zuba duk abin da na iya. Na sa gadon inda ta ce, na rataya labulen, na jera kwanonin ɗaya ɗaya har hasken taga yana kwanciya a murafunsu. Ban sa hoton mutum a ciki ba, na san wannan bai dace ba. Da na gama na san ban taɓa yin abu kamarsa ba.

Ranar nunawa Alhaji ya duba katanga da zaure, ya gyaɗa kai, ya sa aka faɗaɗa ƙofar sito don amalanke ya shiga. Da muka zo tsakar gida sai ya rufe ordinater, ya ɗauke ta da kansa, ya shige ciki. Aka bar ni da kawu a zaure. Ina jin dariya, ina jin ana kiran maƙwabta mata, ina tunanin hannaye masu man gyaɗa a kan allon. Na tashi, na zauna, na leƙa titi, na dawo. Can sai muryar Hajiya.

"Ɗana, har da kwanon da murfinsa ya lotse?"

"Ke kika ce akwai shi, Inna."

"Allah ya yi maka albarka. Wannan ɗakina ne."

Da Alhaji ya fito fuskarsa a sake take, sai na ga lokacin magana ya yi. Na gaya masa zancen teburin Damagaram, na nemi izinin nuna hotunan.

"Na waje ka nuna wa wanda ka ga dama," ya ce.

"Baba, na ciki yake son gani."

"Shi wane ne da zai ga gadon iyalina?"

"Ai ba a gina ba tukuna. Gadon ma ba na gaske ba ne, ni na yi shi."

"Ita ta ce ɗakinta ne. Ka ji da kunnenka."

Na kawo hujjojina bi da bi. Na ce magina da leburori za su taka kowane ɗaki na gidan wata da watanni. Ya ce su bango tsirara za su gani, kuma ranar da iyali suka tare ƙofa ta rufu a kansu, hoto kuwa ba shi da ƙyaure. Na ce mutum ɗaya ne zai gani, a birni, bai san shi ba. Ya ce bai taɓa jin hoton da ya shiga waya ya tsaya a hannun mutum ɗaya ba, kuma yana sayar da riɗi a Damagaram, ba ya son ya zauna ciniki da wanda ya san ta wane gefe yake sauka daga gado. Na ce to zan cire gadon da kwanonin, in canza fenti, in juya ƙofa.

"In ka canza wa matata zane, ta daina zama matata?"

Kawu ya taɓa gwiwata, alamar in yi shiru. Hajiya ce ta sa baki.

"Alhaji, ka bar yaro ya nuna madafi mana. Me ke cikin madafi ban da tukunya?"

"Daga madafi ana hango dakalinki."

"To turken awaki fa? Ko su ma kulle suke yi?"

Alhaji ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce awaki ya yafe. Sannan ya daina dariya, ya miƙo hannu, ya ce in yi masa alkawari a gaban kawuna cewa daga katanga, sai zaure, sai turke, babu idon da zai ga saura sai masu ginin, su ma pilan kawai. Na ba shi hannu. Ban yarda da hujjarsa duka ba, har yau ma. Amma gidansa ne, kuma ta yarda ne ta faɗa mini abin da ta faɗa.

A motar Damagaram na zauna da ordinater a cinya. Duk hotunan suna ciki. Na san in na buɗe ɗakin nan a biron, babu mai kai labari Waca. Daga Magarya har muka shiga gari wannan tunani bai sake ni ba, ina kore shi yana dawowa. Kafin in shiga biron na zauna a bakin hanya, na ware hotuna uku na sa su wuri dabam, don kada yatsana ya yi abin da ban sa shi ba.

Arshitek ya duba katanga. Ya duba zaure, ya tambayi dalilin da ya sa ƙofar ciki ba ta fuskanci ta waje ba, na ce don na titi kada ya hango tsakar gida, ya ce daidai. Ya zo kan turke ya daɗe.

"Inuwar ta zauna. Awakin ma sun ƙoshi. Ina mutanen gidan suke kwana?"

Na gaya masa gaskiya, tun daga farko har ƙarshe.

"Hoton ɗakin yana cikin na'urar nan yanzu?"

"Yana ciki."

"Kuma ba za ka buɗe ba."

"Ba zan buɗe ba."

Ya jingina da kujera. Ya ce shi ma ɗan gidan zaure ne, ya gane. Amma ya ce ba zai ɗauki mutum a kan aikin da bai gani ba, domin masu ba shi kwangila ɗakuna suke tambaya, ba turke ba. Na ce zan ƙirƙiro gida daga kaina in cika shi da kaya. Ya ce ya ga irin waɗannan da yawa, gidan da babu mai gardama a cikinsa ba ya nuna ko mutum ya iya sauraro. Ya ce teburin yana nan, sai dai akwai masu zuwa daga manyan makarantu da takardunsu, kuma ba zai ce musu su jira ni ba.

Tun daga ranar nake nema. Na zana wa wani mai magani shago a Dungas, ya yarda a nuna, amma shago kanta ne da tebur, ba wanda ke kwana a ciki. Wani malamin lekol, wato makarantar boko, a Kwaya, gwauro, ya ce in zana masa ɗaki biyu in nuna wa duk duniya. Na auna, na tada bangaye, na kai rufi, sai aka sa masa ranar aure. Ya kira ni yana ba da haƙuri, ya ce yanzu maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Gidan Alhaji kuwa an gama, an tare, ba a rushe ko bulo ɗaya ba. In na bi ta Waca nakan tsaya a zaure mu gaisa, Hajiya ta aiko da ƙuli-ƙuli.

Na koma bin kawu wurin gini don in ci abinci. Duk motar da ta zo daga Damagaram sai na tambayi direba ko ya ga sabuwar fuska a biron nan, ko da yake na san direba ba ya shiga biro.

Saboda haka ga roƙona gare ka, mai karatu. In kana da fili a ƙasar Magarya ko Dungas kuma kana niyyar gini, ko ɗaki biyu ne, ka fara shiga gida ka yi shawara da iyalinka, ka gaya musu a fili cewa baƙo zai ga hoton ɗakunansu, da gado da labule. In sun ƙi, ka bar maganar, kada ka matsa musu saboda ni. In sun yarda da bakinsu, ka tambayi magina a Magarya ina mai zanen gida a ordinater, za su nuna maka ni. Ka zo da wuri.