Takardun da Kakana Ya Kasa Karantawa

Ranar wata Alhamis da hantsi, a kakar shekarar da aka sa ni firamare, kakana Malam Iro ya kwance gafakarsa a tsakar gidanmu na Kurugu, ya tarar gara ta shiga. Al'adarsa ce duk bayan an cire gyaɗa ya fito da littattafansa su sha iska, ya baza takardun a kan tabarma, ya danne kowace da tsakuwa. Aikina shi ne korar kaji da akuyar kakata Iya, wadda takan tsokane ni ta ce mijin nata ya samu sarauta, an naɗa shi sarkin kaji.

Cikin littattafan akwai wasu takardu masu kauri da mahaifinsa ya zo da su daga Makka, zamanin da ake tafiya a ƙasa. Baƙaƙen Larabci ne, amma rubutun a kishingiɗe yake, layukan suna ɗagawa sama a ƙarshe, ga ɗigon ruwan zinariya. Kakana ya san fiƙihu da nahawu, amma ban da bisimilla da kalmar sulhu bai tsinci komai a ciki ba. Ya nuna wa malaman Karaye, ya taka da su har Rogo, kowa ya jujjuya ya ce wataƙila asiri ne. Burinsa ɗaya, ya ji abin da suka ƙunsa kafin ya bar duniya.

Ranar nan kuwa ya tarar gara ta cinye fiye da rabin takardun. Iya ta ce a wanke ragowar a ba yara su sha, ai rubutun Makka ne, albarkarsa ba ta ɓaci. Kakana ya ce, "Abin da ban san ma'anarsa ba, ba na zuba wa jikokina a ciki." A wurinmu ba a yar da takarda mai sunan Allah, saboda haka ya naɗe su a farin ƙyalle, ni na haƙa ramin a gindin tsamiya, muka binne.

Sai da na yi furfura aiki ya kai ni Istanbul, na shiga wani ɗakin adana tsofaffin rubuce-rubuce. A bayan gilashi na ga irin rubutun nan, da kishingiɗarsa da zinariyarsa. Ma'aikaciyar wurin ta ce kwafin wasiƙu ne tsakanin sarakunan Turkiyya da na Farisa, kan sulhu da iyaka da hanyar alhazai, wasu da Turkanci, wasu da Farisanci. Ban ce irinsu muka binne ba, ba ni da hanyar sani. Amma na gane ba ilmi ne ya gaza wa kakana ba, harshen ne ba nasa ba.

Yau da waya za a ɗauki hoto a aika, kafin la'asar wani ya karanta. Tsamiyar tana nan, in na je gida nakan zauna a inuwarta in yi masa addu'a. An samu masu karantawa, mai son ji ne ba ya nan.