Buhun Laraba

Laraba mai littattafai ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko gaisuwar mutuwa ta zo, ƙafa guda tana bakin ƙofa. Yau Bodinga, gobe Shagari, jibi Danchadi, da buhun albasa a ka, amma ba albasa ciki. Littattafai ne waɗanda mata sunka rubuta: na gado, na haƙƙin mace in an sake ta, da labaran mutanen da ba a son a ambata. Rumfarta ta farko kwamitin unguwa sunka rufe, sunka ƙone rabin kayan. Sauran Haruna ɗan daudu mai tuwon tasha ya ɓoye mata bayan tukwanensa, don ya ce shi ma cikin wani littafin ya fara ganin mai irin halinsa ba a zage shi ba.

Ina takabar mijina ta kawo mini na rabon gado. Da ƙyar nike haɗa baƙi, amma nan na gane tumunin takaba haƙƙina ne, ba alfarmar 'yan uwan miji ba.

Wata ranar Laraba, ranar da ta ci sunanta, munka haɗu a motar Shagari. Tana ta kaɗa ƙafa, tana leƙen taga. Kafin mu tashi sai ga Malam Faruk na kwamiti ya shigo motar, ya dafa buhun. Iyakar abin da ya rage mata ke nan. In buhun ya tafi, sana'ar ta mutu.

"Mi ke ciki, Laraba?"

"Kayan mata ne, Malam. Kwance ka gani. Ko a zaɓar wa uwargida?"

Mota ta kwashe da dariya. A nan in an ce kayan mata, kowa maganin ɗaki yake nufi, namiji mai kunya ba ya sa hannu. Ya janye nasa, amma bai tafi ba. Ya juyo gare ni.

"Inna, ke ba ki ƙarya. Haka ne?"

Carbina ya tsaya. Na auna maganar. Mata sunka rubuta, mata ke saye.

Na ce, "Kayan mata ne, ɗana. Ni ma na yi amfani da su, cikin takaba ma."

Ya yi salati ya sauka. Har yau matan layinmu suna kallona suna rufe baki da mayafi. Laraba kuwa ba ta ko yi godiya ba. Tun kafin direba ya tsaya a Shagari ta ɗora buhunta a ka.