Gindin bindigar da na sa a murhu

Gashina ya yi fari, abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da na sa gindin bindigar wani tsoho a murhu ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

A unguwar Zahir muke zaune lokacin, zamanin da mota ba ta yi yawa a Makka ba, ruwa ma a garwa ake kawo mana. Maigidana masassaƙi ne. Ƙofofi da akwatuna yake yi, amma abin da ya fito da sunansa shi ne gindin bindiga, wato itacen da maharbi ke tokarawa a kafaɗa. Ba a farauta a cikin Harami, sai dai Larabawan ƙauye masu harbin barewa can wajen Ɗa'if sukan kawo bindigoginsu a naɗe cikin tsumma a sake musu itace. A kasuwa akwai na Sham masu ƙyalli, riyal talatin. Nasa na magarya ne, riyal goma sha biyu, kuma yakan ce na Sham ado ne kawai, zafin duwatsunmu tsaga shi yake yi.

Wata rana wani tsohon Balarabe ya kawo tasa, itacen ya dare gida biyu an ɗaure da jijiyar raƙumi. Suka yi ciniki, aka ce ya dawo bayan mako biyu. Maigida ya cire tsohon itacen ya jingine shi kusa da kwandon da ke ƙarƙashin teburinsa.

To, a gidanmu duk abin da ya faɗa kwandon nan nawa ne, da shi nake hura wuta. Ba na tambaya, shi ma ba ya tambaya. Ranar da tsohon zai dawo gawayi ya ƙare, ga 'yata da nake yayewa tana ta kukan kunu. Na ga baƙin itace tsagagge a gefen kwando, na ce wannan ai ya gama aikinsa. Ya kuwa ci wuta da kyau, don shekara da shekaru ana shafa masa mai.

Bayan la'asar tsohon ya zo. Ina bayan labule na ji yana yaba aikin, sai ya ce, “To, ina tsohon itacen?”

Na ji maigida yana ta ɗage-ɗagen katako. Can ya leƙo ya ce a hankali, “Hajiya, kin ga itacen da na jingine nan?”

Na nuna masa murhu da ido. Mutumin da ko ƙusa aka bar masa sai ya mayar, yau ga amanar baƙo ta zama toka a gidansa. Ya ce, “Zan ce ni na yar.” Na ce a'a, ba zai yi ƙarya saboda ni ba.

Na tono guntun da ya rage, bai kai tafin hannu ba, na miƙa ta gefen labule. Na ce, “Ya ammi,” wato baffa da Larabci, “ni ce. Na dama wa yarinya kunu da shi. Ban sani ba.”

Tsohon ya karɓa ya ce itacen na mahaifinsa ne. Akwai alamar gidansu a jiki, irin wadda suke yi wa raƙumansu da wuta, kuma akwai wani ɗan lotsawa inda kuncin mahaifin ya cinye itacen. Duk lokacin da ya ɗaga bindigar, nan yake sa nasa kuncin. Ina jin haka hawaye suka zubo mini.

Maigida ya ce ya ɗauki sabon kyauta, ko ya sayo masa na Sham. Tsohon ya ce, “Ya usta,” wato gwanin sana'a, “ko na Sham goma ka tara, wanne ne ya san fuskar ubana?”

Sai maigida ya jawo wuƙar sassaƙa ya ce, “Ɗaga ta ka nuna mini wurin.” Tsohon ya ɗaga, ya nuna. Maigida ya kankare sabon itacen kaɗan a daidai wurin, tsohon ya gwada, ya ce saura. Haka suka yi ta yi har aka kira magariba. Da ya sa kuncinsa a karo na ƙarshe ya daɗe bai sauke ba. Ya ce, “Ba shi ba ne. Amma ya kusa.”

Ya ajiye kuɗin aikin cif, ya ƙulle guntun a bakin rawaninsa. Da zai fita ya tsaya wajen labule ya ce, “Ya binti, yarinyar ta sha kunun?” Na ce ta sha. Ya ce, “To, alhamdu lillahi. Daina kuka.”

Bai sake zuwa ba, ban kuma san ko ya huce har zuciya ba. Tun daga ranar na gane kasuwa kuɗin abu kawai ta sani, darajarsa kuwa sai mai shi. Shi ya sa ko tsumman wani na gani a yashe, ba na taɓawa sai na nemi mai shi na tambaya.